Uwar Tebur da Bokitin Aljihu

Aikina a sitonmu shi ne in sauke dila daga mota, in yanke ƙarafan da aka ɗaure ta da su, in turo ta gaban mata masu tsince kaya. Dilar gwanjo nake nufi, tufafin da mutanen wasu ƙasashe suka gama sawa, aka danne aka aiko. Shi ya sa matan suke kirana Sarkin Dila, sarautar da babu abin da ta ba ni sai ciwon baya. Na daɗe a wurin, na ga masu rantsuwa da yawa, kuma ban cika ɗaukar maganar mutum da nauyi ba sai na ga hannunsa. A duk tsawon zamana mutum ɗaya ce hannunta da bakinta suke tafiya tare, ita ce Uwar Tebur.

Gajera ce, kakkaura, ta girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce mata. Ita ke tsayawa a kan dogon teburin da ake baje kaya, ta ware na ɗaya, na biyu, da tsumma. Ba ta hira in ana aiki. Tarihinta ma a bakin wasu na tsinta, kaɗan-kaɗan. Ita ce babba a gidansu. Uwarsu ta rasu tun ba ta gama girma ba, ta bar mata ƙanne cike da ɗaki, na ƙarshen yana goye. Ta yi wanki da guga a gidajen mutane har ƙannen suka tashi. Ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki in ji su, wanda hanya ta fi ta ganinsa, har ya rasu. Ta rene 'ya'yanta da aikin teburin nan, kowa ya kama gabansa, ita kuma ta koma ɗaki ɗaya a gidan haya, da gado da risho da rediyo.

Wanda bai yi aikin gwanjo ba bai san aljihu ba. Mutanen can suna jefar da riga ba su laluba ba. Ana samun tabarau, agogo, ɗan kunne, makullai, alawar da ta narke, hoton jariri, wani lokaci har haƙoran roba. A da, duk wadda hannunta ya faɗa kan abu nata ne, sai ya zama kowa kwat take wawura, manyan rigunan sanyi masu yawan aljihu, a bar ƙananan kaya a zube. An yi dambe a kan wata jaka har aka fasa wa wata baki. Uwar Tebur ce ta kawo ƙarshen wannan. Ta ajiye bokiti a ƙarƙashin tebur, ta ce duk abin da ya fito daga aljihu a ciki zai faɗa. Ranar Asabar bayan an tashi a juye shi, kowa ya zaɓi abu ɗaya bi da bi, har ni da nake yanke ƙarfe. Wadda kuwa ta ɓoye ko da allura ce, ta bar teburin. Rigunan aikin da ake ɗaurawa a gaba suna da aljihu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ɗinke, ta fara da nata.

Ba a baki dokar ta tsaya ba. Mata biyu na gani da idona sun fita ta ƙofar nan suna kuka. Ta farko agogon hannu ta sa a ɗankwali. Ta biyu ɗan kunne ne, kuma tana da yara ƙanana. Maigida, mai siton, da kansa ya so a yi mata afuwa, Uwar Tebur ta ce to ya zaɓa, ko matar ko bokiti. Maigida ya san abin da bokitin ya tsare masa, ya bar matar ta tafi.

Wata rana da rana tsaka, lokacin hutun cin abinci, na zagaya bayan sito in jibge buhunan da aka kwance. Sai na ji wani ɗan sauti, ƙit-ƙit, kamar tsako ya shiga rediyo. Na leƙa bayan tarin buhu. Uwar Tebur ce zaune a kan bulo, ta juya wa rana baya, ta riƙe wani abu mai launin toka da hannu biyu, kai a sunkuye, harshe a waje. Kular abincinta na gefe a buɗe, babu ko ƙwayar abinci a ciki. Sai a lokacin na gane batir huɗun da ta aike ni in sayo mata kwanakin baya ba na rediyo ba ne.

"Yaya," na ce.

Ta zabura har abin ya kusa faɗuwa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

"Kai ba ka iya sallama ba ne?"

"A bayan buhu? Mene ne wannan?"

Ta dube ni, ta dubi abin, ta ga babu inda za ta sa shi. "A aljihun wata kwat ta yara na same shi. Cikin 'yar jaka, da kaset uku."

"Yaushe?"

"An kwana biyu."

"Bokiti bai gan shi ba."

"Na san bai gan shi ba, Sarkin Dila, ba sai ka faɗa min ba. Ranar Asabar zan saka."

Na'urar wasan gem ce ta hannu, irin ta da can, mai kauri kamar sabulun wanki. Gilashinta ƙarami ne, babu launi, babu haske a ciki, sai ka zauna inda rana take kafin ka ga abin da ke motsi. Daga baya kaset ɗaya ya ƙi kamawa, ta ba ni na kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce abin ya girme shi, yaran da aka yi shi dominsu yanzu sun yi furfura. Ya goge bakin kaset ɗin ya miƙo min, ya ce in gaida kakan da ke wasa da shi.

Ni ban tona ta ba. Ba aikina ba ne, kuma na ɗauka Asabar ɗin za ta zo. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo. Tun da na riga na gani, sai ta daina ɓoye min. In na zo zubar da buhu takan ce in tsaya in tare mata hanya, ni kuma in tsaya ina kallo ta saman kafaɗarta.

Kaset na farko na ƙwallo ne, ta ce shirme ne, maza suna gudu babu dalili. Na biyu wani mai kwalekwale ne yana tsallakar da awaki, ta daina shi saboda awakin suna faɗawa ruwa kuma abin yana tsaya mata a rai. Na ukun ne ya kama ta. Wani ɗan mutum ne da jakinsa, yana ɗaukar kaya daga gari zuwa gari, ya hau dutse, ya kauce wa ɓarayi, ya nemi wurin kwana. Mutanen ciki suna magana da rubutu, cikin yaren da daga ni har ita babu mai karantawa. Wannan bai dame ta ba, ita take sa musu magana.

"Ka ga wannan mai hular? Cewa yake kayan sun jiƙe, ba zai karɓa ba. Ƙarya yake yi, ragi yake nema. Irinsu Maigida ne."

"Ta ina kika sani?"

"Dubi tsayuwarsa mana."

Sai ta yi dariya. Ni dai na yi shekaru ina aiki da matar nan, ban san tana da wushirya ba sai a bayan buhunan nan. Yatsunta da suka saba da murɗa wanki sun yi wa madannan girma, takan danna biyu a lokaci ɗaya jakin ya faɗa rami, ta ce, "Kai, yi haƙuri bawan Allah, laifina ne." Ta sa wa jakin suna Haƙuri. Wata rana, idonta a kan gilashin, ta ce min lokacin da take yarinya yara sukan yi wasa a ƙofar gidansu har duhu, ita tana tsaye a bakin ƙofa da goyo tana riƙe musu takalma. Iya abin da ta faɗa ke nan. Ban tambaye ta ƙari ba.

Amma daɗin bai zauna mata lafiya ba. Da zarar an koma tebur sai fuskar ta rufe, fiye da da. Ta daina kallon hannun kowa, ita da idonta yake yawo kamar na shaho. Ranar Asabar in an zo kanta sai ta ce a wuce, ba ta son komai. Ta fara sayo wa mata shayi ba tare da an roƙe ta ba. Ta rame, tunda kular da ya kamata ta ɗauko abinci wani abu take ɗaukowa. Bakin Reza, wadda ke tsayawa kusa da ita kuma babu abin da ke wuce ta, ta fara tsokana.

"Uwar Tebur, ko dai wani ya fito ne? Kullum bayan sito, a dawo ana ƙyalli. Sarkin Dila, kai ma can kake zuwa. Ku faɗa mana mu fara tanadin kaya."

"Da wannan bayan nawa?" na ce. "Wa zai ɗauka?"

Mata suka kwashe da dariya. Uwar Tebur ba ta yi ba. Da aka tashi ta same ni ina naɗe ƙarafa, ta ce, "Jiya na ga matar nan ta ɗan kunne a kasuwa, tana tallan ruwa. Na tsallaka titi don kar mu haɗa ido."

"To ki saka shi mana, Yaya."

"Zan saka. Gari ɗaya ya rage in kai kayan nan."

Ba gari ɗaya ba ne. Kullum in ta kai, sai wani ya ɓullo a gabansa.

Ana haka aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, yarinya mai shiru-shiru da ke riƙe da mahaifinta mara lafiya. Ba a kai ga sa mata suna ba, Sabuwa kawai ake ce mata. Wata Laraba Bakin Reza ta damƙe hannunta a tsakiyar aiki, ta zaro tabarau na karatu daga cikin hannun rigarta, ta ɗaga sama.

"Ku gani! Ko wata ba ta yi ba ta fara. Uwar Tebur, ga taki."

Yarinyar ta durƙusa a kan tsumma. Ta ce babanta ne ba ya gani sosai, ta ga tabarau ɗin kamar za su yi masa, ta ji tsoron kafin Asabar a zo kanta wata ta ɗauke. Kowa ya tsaya yana jiran abin da aka saba ji. Uwar Tebur ta tsaya riƙe da wani wando, kularta na rataye a ƙusa a bayan kanta.

"A bari sai Asabar," ta ce.

"Sai Asabar?" in ji Bakin Reza. "Yaushe aka fara ba da hutu? Waccan mai ɗan kunne ko mayafinta ba ki bari ta gyara ba."

"Na ce sai Asabar. Tashi ki ci gaba da aiki."

Ranar Juma'a ta gaya min shirinta. Gobe za a buɗe dilar kayan sanyi na yara. Za ta zura 'yar jakar a bokiti a cikin hayaniya, kamar a ranar aka same ta.

"Sai kuma Sabuwa?" na ce.

"Doka doka ce."

"Wato ki wanke hannunki da safe, ki kore ta da yamma."

Ta ɗauki kularta ta tafi.

Asabar da rana ta zagaya bayan sito kamar kullum, ta ce bari ta yi sallama da Haƙuri. Tana cikin yi motar kaya ta iso da wuri, Maigida ya hau kiran sunan kowa. Ta tura abin a jaka da sauri ta fito. Na ga lokacin da ta sunkuya kamar tana ɗaukar safa, jakar ta faɗa bokiti. Babu wanda ya lura.

Da yamma aka share tebur, aka juye bokiti. Makullai, wani zobe, tsinken gashi, tabarau ɗin Sabuwa a gefe guda suna jiran hukunci, sai 'yar jakar. Bakin Reza ce ta fara kai hannu, ta zuge, ta fito da na'urar tana juyawa.

"Wannan kuma wane irin rediyo ne? Na kakan wa?"

Ta tura wani madanni a sama. Abin ya yi ƙara, ɗan kiɗan nan ya tashi, jaki ya fito a gilashi yana kaɗa kunne.

Wanda ba ɗan gwanjo ba ba zai ga komai a nan ba. Amma mu mun sani. Dila tana yin watanni a danne, a jirgi, a rana, a sito. Agogo yana zuwa a tsaye, tocila a mace, batir ya zubar da farin gari ya cinye wurinsa. Babu abin da yake fitowa daga dila da rai. Bakin Reza ta juya bayan abin ta buɗe murfin. Batir huɗu sababbi, irin na shagon da ke kusa da mu, da tambarinsu da kowa ya sani.

Kiɗan jakin ya ci gaba da tashi. Duk ido ya koma kan Sabuwa, tunda ita ce mai laifi a hannu. Yarinyar ta fara girgiza kai tana cewa wallahi ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ku ƙyale ta," in ji Uwar Tebur. "Nawa ne. Ni na ɓoye, tun kafin a ɗauke ta aiki."

Daga baya wasu sun ce da gangan ta bar batir ɗin don a kama ta. Suna so su gyara mata labari ne. Ni ina kallon fuskarta lokacin da kiɗan ya tashi, mantawa ta yi. Ita ma ba ta ɓoye ba. A gaban kowa ta ce, "Niyyata in mayar a ɓoye, sannan in kori yarinyar nan. Ku san wannan ma." Ta kai hannu baya ta kwance rigar aikinta, ta ninke ta gida huɗu, ta ajiye a kan tebur.

Bakin Reza, wadda ta tono abin, ita ta fara ruɗewa. "Haba Yaya, wasa ne fa na yara. Wa zai so wannan tsohon abu? Ɗauki kayanki, mun yafe. Ko ba mu yafe ba, jama'a?"

Mata suka ce sun yafe. Aka kira Maigida ya fito daga ofis yana share gumi, ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, a ɗaura riga a wuce wurin.

"Mai ɗan kunne ma ka ce a yafe," ta ce masa. "Na ce a'a. Da wane baki zan tsaya a nan ranar Litinin?"

"To a soke dokar mana."

"Ku soke bayan na fita. Ba don ni ba."

Ta sauke kularta daga ƙusa ta bi ta ƙofar da sauran suka bi. Ita ba ta yi kuka ba. Matan suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa, kuma na san dalili: babu wadda a cikinsu ba ta taɓa zura wani ɗan abu a ɗankwali ba a tsawon shekarun nan, sa'a ce kawai ta raba su da waɗanda aka kama. Babu wadda ta buɗe baki ta faɗa. Maganar Sabuwa ba a sake tayar da ita ba. Wata ta tura mata tabarau ɗin ba tare da ta dube ta ba. Aka yi zaɓe a gurguje, kowa na tsallake na'urar kamar garwashi, har aka zo kaina. Na ɗauka.

Yanzu Uwar Tebur tana guga a wani shagon wanki, tsaye tun safe, aikin da ta bari tun tana budurwa. Na bari aka ɗan kwana biyu sannan na je gidanta wata Lahadi da la'asar. Na same ta a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu a kan kujera, sun kumbura. Ta tambayi bayana, ta tambayi mata, ta tambaya ko Sabuwa ta iya ware na ɗaya da na biyu. Na ce tana koyo. Sai na fito da 'yar jakar na ajiye a gabanta.

"Rabona ne, a gaban kowa na zaɓa. Na ba ki."

Ta daɗe tana kallonta. Ta tura hannayenta duka biyu ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kansu.

"Ɗauke."

"Yaya, halal ne yanzu."

"A wurinka. In na karɓa, na ci riba ke nan. Waɗancan da na kora wa ya bi su gida da agogo? Ɗauke, Sarkin Dila, kar ka sa in yi maka rashin kunya."

Na mayar da ita aljihu. Na san ta, ƙara magana ɓata baki ne. Na yi mata sallama, sai ta sauke ƙafafun da ƙyar ta ce bari ta taka min. Muka bi ta tsakar gidan, muka wuce igiyoyin shanya har bakin titi. Ina shirin tsallakawa ta riƙo hannun rigata.

"In ka kunna," ta ce, "za ka sami Haƙuri a bakin wata gada. Kar ka hau da kayan duka, ba za ta ɗauka ba. Ka sauke rabi, ka tsallaka, ka dawo. Kuma ka ba shi ruwa tukuna, tun garin baya bai sha ba."

Na ce to. Ta saki rigar, ta juya tana jan ƙafa ta koma ciki.